Illolin Wuce Kima Wajen Atisaye a Damben Gauraye

Damben gauraye, wanda aka fi sani da harufan nan uku, MMA, wasa ne da ya haɗa naushi da shuri da kokawa, da kuma shaƙe abokin karo ko murɗe masa gaɓa har ya sallama. An yi gasar farko ta kamfanin UFC a birnin Denver na ƙasar Amurka ran 12 ga Nuwamba 1993, a lokacin kuwa dokokin wasan ba su taka kara sun karya ba. Sai tsakanin 2000 da 2001 hukumomin wasanni na jihohin Amurka suka tsara masa dokoki, aka kasa 'yan wasa aji aji bisa ga nauyinsu, aka yanka turmi uku na minti biyar biyar, da hutun minti ɗaya tsakani, in kuwa wasan kambi ne turmi biyar.

Mutanen ƙasarmu sun waye da wannan wasa sosai a 2019, shekarar da Kamaru Usman, haifaffen Auchi, da Israel Adesanya, haifaffen Legas, suka ci kambin duniya kowa a ajinsa. A 2021 kuma Francis Ngannou, mutumin ƙasar Kamaru, ya ci na ajin masu nauyi. Tun daga nan samari da yawa suka shiga sha'awar wasan, waɗansu a gidajen motsa jiki, waɗansu kuwa da abin da suka gani a wayar hannu kaɗai. Domin su aka rubuta wannan bayani, da iyayensu, da masu horar da su.

Kowa ya san akwai haɗari a fagen wasa. Abin da jama'a ba su cika lura da shi ba shi ne, ɗan wasa yakan hau fage sau biyu ko sau uku a shekara, minti goma sha biyar ko ashirin da biyar kowane hawa, amma yana ɗakin atisaye kusan kullum, sa'o'i da yawa. A fage akwai alƙalin wasa da likita da ƙararrawa. A ɗakin atisaye babu mai tsai da shi sai hankalinsa da na malaminsa.

YADDA JIKI KE SAMUN ƘARFI

Kafin mu san illar wuce kima, lalle ne mu san abin da atisaye ke yi wa jiki. Sa'ad da mutum ya yi aiki mai tsanani, zaruruwan tsokarsa sukan ɗan yayyage, sukarin da jiki ya tanada a tsoka da hanta ya ragu, ruwa da gishiri su fita ta gumi. Watau a daidai lokacin da ya gama atisaye, ya fi rauni bisa ga yadda ya shiga. To, idan ya ci abinci isasshe, ya sha ruwa, ya yi barci, sai jiki ya gyara ɓarnar, har ya ƙara kaɗan a kan yadda yake dā, domin shirin irin wannan aiki in ya sake zuwa. Wannan ɗan ƙarin shi ne ƙarfin da ake nema, kuma a lokacin hutu yake samuwa.

Gyaran nan yana da lokacinsa, ba a kuwa iya gaggauta shi. Sukarin tsoka in ya ƙare yakan ɗauki kimanin kwana guda kafin ya koma, in ana cin abinci mai kyau. Tsokar da aka wahalshe ta ƙwarai takan nemi kwana biyu ko uku. Jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓi kuwa, da guringuntsi da ƙashi, sun fi kowa nawa, domin jinin da ke kai wa jijiya da guringuntsi abinci kaɗan ne. Saboda haka saurayi zai iya ganin damtsensa ya cika cikin wata biyu, ya ɗauka dukan jikinsa ya ƙarfafa, alhali gwiwarsa da kafaɗarsa suna nan kusa da inda ya bar su.

Manomi ya san haka game da gonarsa. Wadda ake nomawa kowace shekara ba taki ba hutu, amfaninta raguwa yake yi, ko da an ninka yawan ma'aikata.

MALAMI HUƊU, JIKI ƊAYA

Mai gudu gudu kawai yake koyo, ɗan damben boksin kuwa naushi. Amma ɗan damben gauraye dole ne ya ƙware a fanni uku ko huɗu: naushi da shuri a tsaye, kokawar kayarwa, kokawar ƙasa irin ta mutanen Birazil, sa'an nan ga ɗaga ƙarfe da gudu domin ƙarfi da juriya. Sau da yawa kowane fanni da malaminsa, wani lokaci ma kowane malami da gidansa. Malamin naushi ya karɓe shi da safe ya tatse shi, malamin kokawa ya karɓe shi da la'asar kamar bai yi kome ba tun wayewar gari, mai ɗaga ƙarfe kuma ya ce nasa ne ya fi muhimmanci. Kowannensu abin da ya ba da daidai ne in shi kaɗai ne. Amma babu wanda ya zauna ya tara jimla, jikin da ke biyan bashin kuwa guda ɗaya ne.

A kan wannan sai a ƙara halin 'yan wasan kansu. Wasa ne na nuna jarunta, kuma wanda ya ce ya gaji yana tsoron a kira shi rago. Ga kuma tsoron abokin karo: mutum yana kwance yana tunanin wancan yana can yana gudu, sai ya tashi ya ɗaura takalmi. Idan aka ba shi kashi a gwaji ranar Talata domin gajiya, maimakon ya huta, sai ya ce rashin isasshen atisaye ne, ya ƙara wani ranar Laraba. Nan ne tarkon yake, domin alamar cutar ita ce ke sa mai ita ya ƙara shan abin da ya jawo ta.

Damben gargajiya da kokawa na ƙasar Hausa, a tsarinsu na asali, wasannin kaka ne. In an girbe amfanin gona a yi ta yi, in damina ta faɗi kowa ya koma gona. Ko ba a yi niyya ba, wannan ya ba jikin ɗan wasa watanni na warkewa daga duka. Damben gauraye ba shi da kaka ba shi da damina, ana iya kiran mutum wasa a kowane wata na shekara, shi ya sa da yawa ba su yarda su saki jiki ko kaɗan.

MATAKAN CUTAR DA ALAMUNTA

A 2013 ƙungiyar masana kimiyyar wasanni ta Turai da takwararta ta likitocin wasanni ta Amurka suka fitar da bayani na haɗin gwiwa, inda suka kasa al'amarin mataki uku. Na farko gajiya ce da ake jawowa da gangan: a matsa wa ɗan wasa na ɗan lokaci, ƙwazonsa ya ragu, sa'an nan a sassauta masa, cikin 'yan kwanaki ko mako biyu ya dawo fiye da dā. Wannan ba laifi ba ne, dabara ce ta horarwa. Na biyu shi ne sa'ad da aka zarce, sai ya ɗauki makwanni ko watanni kafin ya dawo, kuma ba wata riba da ya samu. Na uku shi ne cikakkiyar cutar, wadda kan ɗauki watanni masu yawa, wani lokaci shekaru, akwai kuma waɗanda ba su sake komawa yadda suke ba. Abin tsoro shi ne babu wani shinge da mutum zai gani ya san ya tsallaka daga wannan mataki zuwa wancan. Sai bayan an huta aka ga tsawon lokacin da warkewa ta ɗauka ake sanin inda aka kai.

Babbar alama ita ce ƙwazo ya yi ta raguwa alhali ana nan ana atisaye kamar kullum ko fiye. Nauyin da mutum ke ɗagawa da sauƙi ya gagare shi, numfashinsa ya ƙare a turmi na biyu, naushin da dā yakan kauce masa ya riƙa samunsa. Tare da wannan akan ga rashin barci duk da tsananin gajiya, da rashin son abinci, da ramewa ba dalili, da ciwon jiki wanda ba ya wucewa. Mura da ciwon maƙogwaro su yi ta dawowa, ƙuraje da marurai su ƙi warkewa, abin da ke da haɗari ga masu kokawa a kan tabarma ɗaya, inda cututtukan fata ke yaɗuwa da sauri. Namiji sha'awarsa takan ragu, mace kuwa al'adarta takan rikice ko ta ɗauke, musamman in abincin da take ci bai kai aikin da take yi ba. Sau da yawa mutanen gida su ke fara ganewa, domin mutum mai fara'a sai ya koma mai saurin fushi, ko ya yi shiru, wasan da yake ƙauna ya zame masa kaya.

Robert Whittaker na ƙasar Ostareliya, wanda Adesanya ya karɓe kambi daga hannunsa a Melbourne cikin Oktoba 2019, ya janye daga wasan da aka shirya masa a Maris 2020. Daga baya ya bayyana wa 'yan jarida cewa ya ƙone ne ƙurmus da atisaye, domin ya shekara da shekaru yana yi kwana bakwai a mako, har ranar Kirsimeti ta same shi yana gudu a kan tuddan yashi maimakon zama da iyalinsa, a nan ne ya tsaya ya tambayi kansa abin da yake yi. Da ya huta ya sake tsarin aikinsa, ya dawo a Yuli 2020 ya ci wasa uku a jere.

Sai dai a kula, babu wani gwajin jini guda ɗaya da ke nuna wannan cuta. Likita yakan fara neman sauran abubuwan da ke kawo kasala, in bai same su ba sa'an nan ya ɗora laifin a kan atisaye. A ƙasarmu wannan ya fi muhimmanci, gama zazzaɓin cizon sauro da taifot da ƙarancin jini da ciwon hanta duk suna iya zuwa da irin waɗannan alamu. Kada mai horarwa ya mai da kansa likita.

GWIWA DA SAURAN GAƁOƁI

Ba kowane rauni na ɗakin atisaye ne wuce kima ke jawowa ba, tsautsayi yana nan. Amma tsokar da ta gaji ba ta riƙe gaɓa da sauri kamar yadda ya kamata, sai nauyin ya faɗa kan jijiya, ga kuma ƙato yana neman kayar da kai. Dominick Cruz, mai riƙe da kambin UFC a ajin fam 135, ya tsinke jijiyar gwiwa wajen atisaye a 2012, sa'an nan ya yage tsokar matsematsi, har ya sauka daga kambinsa a Janairu 2014 ba tare da kowa ya buge shi ba. Daga Oktoba 2011 bai sake hawa fage ba sai Satumba 2014. A 2012 ɗin nan kuma aka soke gasar UFC 151 ɗungum, karo na farko a tarihin kamfanin, bayan Dan Henderson ya ji ciwo a gwiwa yana shiri. Ngannou ma da gwiwar da ya lalata wajen atisaye ya kare kambinsa a Janairu 2022, aka yi masa aiki a Maris, ya ƙare shekarar yana jinya. Kamaru Usman kuwa ya faɗa da bakinsa cewa akwai lokacin da gwiwoyinsa suka matsa masa har ya gwammace taka ciyawa da taka daɓen siminti. Waɗannan mutane ne masu kuɗin biyan ƙwararrun likitoci. Saurayin da ya tsinke jijiyar gwiwa a unguwa, ba inshora ba albashi, mai yiwuwa da ɗingishin zai tsufa.

DUKAN KAI

Wannan ya fi duk sauran muni, domin tsoka tana warkewa ta ƙara ƙarfi, amma ƙwaƙwalwa ba ta ƙarfafa da duka. Babu wani atisaye da ke koya wa kai jure naushi. Tun 1928 wani likitan Amurka, Harrison Martland, ya bayyana yadda tsofaffin 'yan dambe ke tangaɗi da sarƙewar harshe kamar mashaya. Likita Bennet Omalu, ɗan Nijeriya, shi ne ya gano irin wannan lalacewar ƙwaƙwalwa a gawar wani ɗan ƙwallon Amurka, ya buga bincikensa a 2005. A 2016 kuma aka same ta a ƙwaƙwalwar Jordan Parsons, ɗan damben gauraye da mota ta kashe yana da shekara 25 kacal. Abin da masana suka fi dangantawa da cutar shi ne yawan dukan da kai ya tara cikin shekaru, har da ƙananan da ba su sumar da mutum ba.

To, a ina ake tara yawancin dukan nan? A damben gwaji na ɗakin atisaye. Wanda aka sumar a fage, hukuma takan dakatar da shi kwana talatin ko sittin ko fiye, ta hana shi ko da gwaji. Wanda aka sumar a ɗakin atisaye kuwa ruwa ake yayyafa masa, gobe ya dawo. T.J. Grant na ƙasar Kanada ya ci wasa biyar a jere, aka ba shi damar neman kambi a Agusta 2013, sai kansa ya bugu wajen atisayen kokawa saura 'yan makwanni. Bai yi wasan ba, bai kuma sake yin wani ba.

Masu cewa ba a iya cin wasa sai da gwaji mai zafi kullum, su dubi Max Holloway, wanda ya shaida cewa ya bar damben gwaji mai ƙarfi sa'ad da yake shirin karawa da Calvin Kattar. A wasan nan, cikin Janairu 2021 a Abu Dhabi, ya kai duka 445 da suka samu, abin da ba a taɓa yi ba a UFC. Gaskiya ne shi tsohon hannu ne, sabon shiga kuwa yana bukatar gwaji domin ya saba. Amma gwaji na koyo dabam, faɗa dabam, kuma ana iya koyon nisa da lokaci da kaucewa da rabin ƙarfi. Duk wanda ya ji jiri ko ciwon kai ko amai ko mantuwa bayan duka, ya tsaya nan take, kada ya koma sai likita ya yarda, domin duka na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba yana iya kisa.

RAGE NAUYI, ZAFI DA ƘODA

Akwai wata al'ada da ke ninka haɗarin. Tun da ana awo kwana ɗaya kafin wasa, 'yan wasa da yawa sukan shiga ajin da bai kai nauyinsu ba, sai su rage abinci na makwanni a daidai lokacin da atisaye ya fi tsanani, sa'an nan a kwanakin ƙarshe su matse ruwan jikinsu da ɗakin sirace da rigar leda da ƙin shan ruwa. Leandro Souza na Birazil ya rasu a Satumba 2013 yana cikin rage nauyi, yana da shekara 26. Yang Jian Bing na ƙasar Sin ya rasu a Manila cikin Disamba 2015, yana da shekara 21, bayan haka ne kamfanin ONE Championship ya hana rage nauyi ta hanyar ƙishirwa, ya shiga gwada fitsarin 'yan wasansa. A Maris 2017 an kai Khabib Nurmagomedov asibiti kafin awo, aka soke wasansa. Waɗannan abubuwa sun faru a inda akwai motar asibiti kusa. Mai karatu ya auna yadda za ta kasance ga wanda ya sa rigar leda ya fita gudu da tsakar rana a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri.

In aiki ya yi wa tsoka yawa ƙwarai, musamman cikin zafi da ƙishirwa, takan farfashe ta zubar da abin da ke cikinta a jini, ya je ya toshe ƙoda. Alamarsa ciwon tsoka mai tsanani da kumburi da kasala, fitsari kuma ya koma kamar ruwan shayi mai kauri. Wanda ya ga haka ya nufi asibiti a ranar, kada ya jira gobe. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila, watau rukunin AS. Masu ita lafiyarsu ƙalau, suna kuma iya kowane wasa, amma sun fi sauran mutane shiga wannan haɗari in aka matsa musu ba sassauci cikin zafi. Saboda haka ne hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta fara neman gwajin tun 2010. Ya kamata kowane ɗan wasa ya san rukuninsa, malaminsa ma ya sani.

Magungunan kashe ciwo su ma sai a yi hattara da su. Irin su ibuprofen da diclofenac suna ƙara wa ƙoda wahala in jiki ba ruwa. Tramadol kuwa, ban da kama mutum da take yi, tana rufe bakin ciwon da ke gargaɗi, sai mutum ya ci gaba da taka gwiwar da ta riga ta lalace. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa tun Janairu 2024.

TSARIN DA YA KAMATA

Abu na farko, a sami mutum ɗaya, babban mai horarwa, wanda zai riƙe lissafin dukan aikin mako, sauran malamai su bi tsarinsa. In yau an yi mai tsanani, gobe a yi mai sauƙi, a kuma ware aƙalla yini guda cur a mako wanda ba a yin kome. Bayan kowane mako uku ko huɗu a sassauta na mako ɗaya. In za a ƙara aiki a ƙara shi kaɗan kaɗan, musamman ga wanda ya dawo daga jinya ko dogon hutu, gama a nan ne aka fi samun fashewar tsoka. Barcin dare kada ya gaza sa'a bakwai, takwas ko tara sun fi ga mai aiki irin wannan. Wanda kuma ke yinin neman abinci da ƙarfinsa, kamar ɗan dako ko birkila ko makanike, ya sani jiki ba ya bambanta gajiyar sana'a da ta atisaye, duka a asusu ɗaya suke shiga. Haka nan mai azumi ya rage aiki, ya mai da mai nauyin bayan shan ruwa.

Ba sai da na'ura mai tsada ake sa ido ba. Ɗan littafi da agogo sun isa. Kowace safiya kafin ya tashi daga shimfiɗa, ɗan wasa ya ƙirga bugun zuciyarsa na minti ɗaya, ya rubuta, tare da sa'o'in barcinsa da nauyinsa da yadda yake ji. In bugun ya haura yadda ya saba kwana uku ko huɗu a jere, ga kuma kasala, to a rage aiki a gani. In an huta mako biyu ƙwazo bai dawo ba, sai wurin likita.

Game da makwannin ƙarshe kafin wasa, binciken masana ya nuna cewa rage yawan atisaye da kimanin rabi cikin mako biyu na ƙarshe, ba tare da rage kaifinsa ba, yana ƙara ƙwazo ranar gasa. Damben gwaji mai ƙarfi kuwa a tsai da shi tun kafin nan. Yaran da ba su gama girma ba, ƙarshen ƙasusuwansu bai rufe ba tukuna, don haka kada a ba su aikin manya, kada a sa su rage nauyi ko kaɗan, kada kuma a bari ana dukansu a ka.